Kyandiran Inna Ikilima

Idan Inna Ikilima ta shiga ɗaki, ba ado take gani ba, haɗari take gani. Kai kana yaba labule, ita tana duban igiyarsa ko za ta iya shaƙe yaro. Kana cewa teburin nan ya yi kyau, ita tana shafa kusurwarsa tana auna ta da goshin mai tatata. Haka Allah ya yi ta, kuma aikin reno na shekara da shekaru ya ƙara mata.

Mutuniyar Malumfashi ce, gajera, mai faɗin baya, ba ta da yawan magana. Mijinta direban babbar mota ne, ya rasu a hanyar Funtuwa tun 'ya'yanta biyu ba su gama firamare ba. Da reno ta ciyar da su har ta aurar da su, daga Katsina zuwa Kaduna, daga Kaduna zuwa Abuja. A Abuja ta faɗa gidan Rifkatu, ma'aikaciyar gwamnati, lokacin da ta haifi 'yarta ta fari, Tabita. Da aka tura Rifkatu aiki ofishin jakadancin Nijeriya a Riyad, ta ce ko kusa ba ta tafiya sai da Inna. Inna ta yi ɗan jan aji na kwana biyu, amma da aka ambaci Umara sai ga ta ta ɗaure kaya. Mijin Rifkatu, Habila, aikinsa ya riƙe shi a Abuja, sai hutu yake zuwa.

Suka zauna a wani gidan haya a unguwar Nasim, hawa na biyu. Duniyar Inna a Riyad ba ta wuce falo da kicin da tagar da take leƙen titi ba. Larabcinta na salla ne, sai 'yan kalmomin da ta tsinta a bakin Tabita, wadda ke kwaso su a wurin yaran maƙwabta. Ita kaɗai ba ta taɓa sauka ko ɗan kantin da ke ƙasan bene ba.

A shekararsu ta biyu, da sanyin Disamba ya kama, Rifkatu ta ce bana sai ta kafa bishiyar Kirsimeti, don Habila yana tafe. Lokacin Tabita na da shekara uku, ƙanenta Natan shekara ɗaya da rabi, ga kuma Rifkatu da tsohon ciki, ƙafafu sun kumbura. Likita ya ce jininta yana hawa, a raba ta da duk wani tashin hankali. Inna ta riƙe wannan magana fiye da mai cikin.

Aka shigo da bishiyar a kwali, ta roba ce, aka harhaɗa ta a kusurwar falo. Rifkatu ta saki labule don kada maƙwabta su hango, ta ce ƙasar mutane ce, gara a yi abu cikin sirri. Inna ba ta da ja da bishiya ta fuskar addini. Ta ci shinkafar Kirsimeti a gidan maƙwabta tun tana yarinya, su ma sun ci naman layyarsu. Abin da ya tsaya mata a rai shi ne, abin ya fi ta tsawo, kuma a kan 'yan siraran ƙafafu uku yake tsaye. Ta sa yatsa ɗaya ta tura, bishiyar ta yi rawa.

Washegari ta sa Malam Nu'uman, direban da ke kai Rifkatu ofis, ya buga ƙusa a bango, ta ɗaure bishiyar da igiyar shanya, ɗaurin da ko akuya ba ta kwancewa. Ta kwashe ƙwallayen gilas da ke ƙasa ta mayar da su can sama, har bishiyar ta koma kamar mutumin da ya sa babbar riga ya manta wando. Ta jawo manyan akwatunan tafiya ta jera su ta yi mata katanga. Rifkatu ta dawo ta gani ta yi dariya har da riƙe ciki.

"Inna, ai kin sa ta a kurkuku."

"Gara ita a kurkuku, Maman Tabita, da mu a asibiti."

Saura fitilun. Wayarsu ta bi bango zuwa soket, kuma Natan yaro ne da komai ya gani sai ya ɗanɗana. Ranar da Inna ta same shi da wayar a baki yana gwada sababbin haƙoransa, ba ta jira izinin kowa ba. Ta zare, ta naɗe, ta cusa a saman durowa. Tabita ta wuni tana kuka wai an kashe mata bishiya. Inna ta ji tausayinta, sai ta roƙi Malam Nu'uman, in ya je kasuwar Batha ranar Juma'a, ya dubo wani abin haske da ba ya buƙatar waya. Ya dawo da 'yan kyandira na roba a leda, masu ɗan harshe yana motsi kamar na gaske.

Inna ta bincike su sosai, wannan kam ba wanda zai ce ba ta yi ba. Ta taɓa, ba zafi. Ta ja harshen, bai cire ba. Har bakinta ta kai ɗaya don ta tabbata ba zai shige bakin yaro ba. Hankalinta ya kwanta, ta jera su da hannunta a gindin bishiyar, bayan akwatuna. Ɗan murfin da ke ƙarƙashin kowanne ne kaɗai ba ta juya ta duba ba.

Ranar Talata ce, da hantsi. Inna kan wuni da Natan a baya, amma ran nan ƙugunta ya hana. Ta sauke shi a falo kusa da yayarsa, ta shiga kicin ta ɗora kunu. Tana dama gasara sai ta ji gidan ya yi tsit. Duk wadda ta taɓa reno ta san wannan shirun, ya fi kuka ban tsoro. Ta saki muciya ta fito.

An ture akwati ɗaya gefe. Tabita na zaune a cikin katangar tana miƙo wa ƙanenta kyandira ɗaya bayan ɗaya. Natan na tsaye riƙe da ɗaya wanda ya mutu, yana haɗiyar yawu da ƙyar, idonsa ya yi jawur. Inna ta karɓa ta juya. Murfin a buɗe yake, ramin ciki babu komai.

"Tabita, ina abin da ke cikin nan?"

"Natan ya sha alawa," in ji yarinyar, har da murmushinta.

Inna ta durƙusa ta sa yatsa a bakinsa, babu komai. Ta bi kafet da tafin hannu, ta leƙa ƙarƙashin kujeru, ta kakkaɓe rigarsa, ta duba kunzugunsa. Sannan ta ɗauki wani kyandir ta ɓalle murfinsa da farce, don ta ga me ya ɓace. Wani ɗan batir ne, fale-fale, zagayayye, yana ƙyalli kamar sabon kwabo.

Da ta ga haka sai ta ɗan sami numfashi. Yara nawa ta gani sun haɗiye kwabo? Ana ba su ayaba ko tuwo, a riƙa duba fo, kwana biyu sai ga shi ya fito. Ba ta san batir ba kwabo ba ne, ba ta san in ya maƙale a maƙogwaro ci yake kamar garwashi ba. Wa zai gaya mata? Ta ɓare ayaba ta kai masa baki. Ya kau da kai. Ta matsa, ya yi yunƙurin amai, ba abin da ya fito sai yawu. Ta ba shi ruwa, ya dawo ta gefen baki. Nan jikinta ya fara ba ta cewa wannan ba irin waccan ba ce.

Ta ɗauki waya za ta kira uwar, sai ta tsaya da wayar a hannu.

A inda Inna ta tashi, ba a jefa wa mutum mugun labari kamar dutse. Ranar da mijinta ya rasu, ƙanensa ne ya zo. Ya gaishe ta, ya sha ruwa, ya tambayi yara, sannan ya ce motar Yaya ta ɗan sami matsala, in da hali ta shirya su je ta duba shi. Ta gane, amma ta yi tafiyar nan da ɗan guntun fata a ranta, kuma har gobe tana ganin rahama ya yi mata. Ta kuma ga akasin haka. Wata maƙwabciyarsu aka faɗa wa mutuwar ɗanta gatsau a bakin rijiya, ta faɗi, ɓarin jikinta bai sake motsi ba. Yanzu ga Rifkatu da tsohon ciki da hawan jini, a cikin baƙin mutane. Inna ta saita muryarta ta danna kira.

"Salamu alaikum, Maman Tabita. Ya aiki?"

"Lafiya, Inna. Muna da baƙi ne. Lafiya dai?"

"Lafiya lau. Ya ƙafar, ta saɓe?"

"Da sauƙi. Yaran fa?"

"Suna nan ƙalau. Dama Natan ne yake ɗan ƙyuya, ya ƙi cin abinci. Kamar ya ɗan sa wani abu a baki."

"Shi da kullum cikin sa abu a baki yake. Akwai zazzaɓi?"

"A'a, babu zazzaɓi."

"To haƙori ne, Inna. Ki goya shi ya yi barci."

Kalmar batir tana kan harshenta. Ta tuna cikin nan, ta haɗiye ta. Ta ce, a hankali, tana jan kowace kalma, "In da hali dai, ki dawo da wuri."

"To, Inna, zan gani."

A Malumfashi, idan dattijuwa ta kira ka tsakar rana ta ce in da hali ka dawo da wuri, ko takalmi ba ka tsayawa nema. Amma Rifkatu a bariki ta girma, makarantun kwana suka rene ta. A wurinta in an ce lafiya lau, to lafiya lau ce. Ta ajiye waya ta koma wurin baƙinta. Ita kuwa Inna ta goya yaron ta tsaya a bakin taga, tana da yaƙinin saƙo ya isa, tana jiran ta ga mota ta shawo kwana.

Motoci suka yi ta wucewa, ba tasu. Natan ba ya kuka sosai, wani ɗan gurnani yake, yana goga fuska a bayanta. Yawunsa ya jiƙe rigarta har tana jin sanyinsa yana gangarowa. Ta kasa zaune ta kasa tsaye. Ta je ƙofa, ta dawo taga, ta ɗauki waya, ta ajiye. In ta sake kira, ai ta tayar wa mai ciki da hankali ke nan. In ba ta kira ba fa? Tabita ta gaji da tambayar kununta ta kwanta a kujera. Aka kira azahar. Inna ta yi salla da yaron a baya, ba ta san raka'a nawa ta yi ba.

Da ta sallame ta kwanto shi ta duba. Wuyansa ya saki, numfashinsa yana wani ƙara kamar ana jan zare a cikin ƙirjinsa. Ta goge masa baki da gefen mayafinta fari, sai ta ga abin da ya fito ba fari ba ne, ruwan ƙasa ne mai duhu. Ta nemo lambar Malam Nu'uman. Shi ba uwa ba ne, ba shi da ciki, don haka shi ta faɗa wa kai tsaye.

"Malam Nu'uman, yaron nan batirin kyandir ya haɗiye tun hantsi, yanzu ga wani abu baƙi yana fitowa. Don Allah ka san yadda za ka lallaɓa ka gaya mata a hankali, ka san halin da take ciki."

Malam Nu'uman bai san lallaɓawa ba. Ya bar mota, ya shiga ya tsaya a bakin ofis ya ce, "Madam, Natan ya haɗiye batir." Ba a yi nisa ba wayar Inna ta yi ƙara. Muryar da ta ji ba ta taɓa jin Rifkatu da ita ba.

"Inna! Wane irin batir? Mai faɗi kamar kwabo?"

"Shi ne."

"Tun yaushe?"

"Tun hantsi."

Rifkatu ta ƙwalla wata ƙara da ta sa Inna janye wayar daga kunne. "Tun da kika kira ni? Wayyo Allahna! Inna, abin nan ƙona maƙogwaro yake, huda shi yake! Kada ki ƙara ba shi komai. Kada ki jira mu, hanya a cushe take. Ki buga ƙofar maƙwabciyarmu Ummu Zaid yanzu, ku tafi asibiti. Yanzu, Inna!"

Matar da ba ta taɓa sauka bene ita kaɗai ba ta fita ba abaya, ba takalmi, yaro a kafaɗa, tana jan Tabita da hannu ɗaya. Ta daki ƙofar da ke kallon tasu da dukkan ƙarfinta. Ummu Zaid, Balarabiyar da sai gaisuwa ke haɗa su, ta buɗe a firgice. Larabcin Inna ya gudu gaba ɗaya. Ta ɗaga kyandir, ta nuna ramin, ta nuna wuyan yaro. Ƙofarsu a wangale take, bishiyar da aka yi ta ɓoyewa tana tsaye ana ganinta sarai, matar ko kallo na biyu ba ta yi mata ba. Ta fizgi makullin mota ta ce, "Yalla, yalla!"

A mota Inna ta manna kunnenta a ƙirjin yaron, tana jin numfashi ɗaya, tana roƙon Allah ya kawo na gaba. Duk jar danja da ta tsayar da su, sai ta ji kamar ta buɗe ƙofa ta ruga da ƙafa. A asibiti aka karɓe shi daga hannunta, aka yi masa hoto. Ko wanda bai yi boko ba ya ga abin a hoton: farin zagaye, a tsaye cak a ƙasan wuya. Rifkatu ta iso tana haki, Malam Nu'uman na bin ta da jakarta, daidai lokacin da ake tura gadon zuwa ɗakin tiyata. Ƙafarsa kawai ta samu ta taɓa.

Suka zauna a benci, kujera ɗaya a tsakaninsu. Wata nas ta zo ta auna jinin Rifkatu, ta girgiza kai, ta ce ta kwanta, Rifkatu ta ƙi. Can Rifkatu ta ce, ba tare da ta juyo ba, "Inna, me ya sa ba ki gaya mini ba?"

"Na ce miki ki dawo da wuri."

"Kin ce lafiya lau. Kin ce suna nan ƙalau."

"Cikinki na duba, Maman Tabita."

"Shi ma daga cikin nan ya fito."

Inna ta sunkuyar da kai tana kallon ƙafafunta da suka yi buɗu-buɗu da ƙura. Tsoro bai bar mata wurin kuka ba. Duk lokacin da ƙofar ɗakin tiyata ta motsa, sai ta ɗago kai. Abu ɗaya take ta nanatawa a ranta: in za a ɗauki rai a yau, ga nata, ta ci zamaninta.

Bayan la'asar likita ya fito. Ya yi wa Rifkatu bayani da Turanci, Inna na karanta fuskarta. Fuskar ta saki, sannan ta sake ɗaurewa. Rifkatu ta dafa bango ta fassara mata a taƙaice. An ciro. Zai rayu. Amma ya daɗe a wurin, ya ƙona, ƙunar ta taɓa jijiyar murya. Da an kawo shi tun farko, in ji likita, da bai kai haka ba.

Habila ya sauka a filin jirgi ya wuce asibiti da akwatinsa. A nan suka yi Kirsimetinsu, a gefen gadon yaron da ake ba abinci ta roba a hanci. Inna ta haɗa kayanta a jaka ta ajiye bayan ƙofa, tana jiran a ce mata ga tikitinta. Ba wanda ya ce. Rifkatu ba ta kore ta ba, ba ta kuma taɓa cewa ta yafe ba, Inna ma ba ta taɓa samun bakin roƙo ba. Da aka sallamo Natan, hannun Inna ya miƙa wa, sai aka ba ta shi. Bayan 'yan makonni Rifkatu ta haihu lafiya, mace, aikin reno ya ƙaru, jakar ta koma saman durowa.

Har yanzu suna Nasim. Natan ya shiga shekara huɗu, ya yi ƙiba, yana cin tuwo da hannunsa, yana hawa duk abin da aka ce kada ya hau. Muryar ce ba ta dawo ba. Abin da ke fitowa raɗa ce mai kaushi, sai ka kai kunnenka kusa da bakinsa. Likitoci sun ce a jira ya ƙara girma a gani. Inna ta koyi karanta leɓensa daga nesa, kuma ba ta yarda ya ɓace wa idonta.

Amma mutum ɗaya ba ya tsare yara uku da ido biyu. Kwanan baya tana kicin tana wanke robobin autar gidan, famfo yana zuba, Natan ya zame a banɗaki ya fasa haɓa. Bango ɗaya ne tsakaninsu. Ba ta san komai ba sai da ta juyo ta gan shi tsaye a bakin ƙofa, jini ya ɓata gaban rigarsa, hawaye ya riga ya bushe a kumatunsa. Ta saki roba ta zube a gabansa, ta kai kunnenta bakinsa.

"Inna," ya ce, "na yi ta kiran ki."